Lasisin Baba Sannu

Shekara talatin da huɗu Baba Sannu yana riƙe da sitiyari, ko kaza bai taɓa takewa ba. Wannan ba irin yabon da ake yi wa mamaci ba ne, don mutumin yana nan da ransa, kuma duk wanda ya taɓa aiki a garejin ma'aikatar sufuri zai ba ka shaida. Sunan ma tsokana ce ta bi shi. Direbobi 'yan'uwansa ne suka laƙaba masa, wai in ka aike shi ɗauko ungozoma, kafin su iso jariri ya fara rarrafe. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce sannu ba ta hana zuwa. Su kuma su ƙarasa masa da baki ɗaya: sai dai a daɗe ba a je ba!

Dogo ne siriri, mai ɗan rankwafawa irin ta wanda ya daɗe yana sunkuyawa ya shiga mota. Da tankar ruwa ya fara, daga nan ya yi shekara shida yana jan motar asibiti, sannan aka ɗauke shi a ma'aikata. Ministoci bakwai ya tuƙa, kuma dukkansu ta madubi ya san su. Ya san wanda ke barci baki buɗe, ya san wanda ke haddace jawabi yana motsa leɓe, ya san wanda ya yi kuka ranar da aka sauke shi. Bai taɓa kai labarin ko ɗaya gida ba.

Wani tsohon direba ne ya koya masa aikin manya, kuma karatun bai wuce layi uku ba. Idonka na titi ne. Kunnenka na inji ne. Bakinka kuma kalma biyu ta ishe shi: laifina ne. In maigida ya makara saboda barci ya ɗauke shi, laifina ne, ranka ya daɗe. In ya manta takardunsa a kan tebur, laifina ne. In aka yi ruwa hanya ta cushe, nan ma laifina ne. Tsohon ya ce kowa ya san ba gaskiya ba ce, har shi maigidan, don haka ba ƙarya ba ce, ladabi ne. Ruwa ne kake zuba wa lagireto kafin ya tafasa. Baba Sannu ya riƙe wannan karatu hannu biyu-biyu, kuma ya yi masa rana. Ana cewa babba juji ne, amma duk wanda ya yi aiki da manya ya san inda sharar take sauka.

Abu ɗaya ya mallaka da yake alfahari da shi, wato lasisinsa. Yana ajiye shi a cikin leda, ledar a cikin jakar fata, jakar a aljihun ƙirji na hagu. Ko ɗigon biro babu a kansa. Kuma ba ado kawai ba ne. Saura wata goma sha ɗaya ya yi ritaya, ya kuma riga ya tsara abin da zai yi: zai buɗe wurin koyar da tuƙi. Mijin babbar 'yarsa, wanda bakanike ne, ya samo masa wata tsohuwar ƙaramar mota, ya ƙara mata birki na biyu a gefen mai zaman banza, an rufe ta da tamfol a ƙofar gida tana jira. Doka ta ce ba a ba mutum izinin koyarwa sai in ba a taɓa ƙwace masa lasisi ba. Baba Sannu da ya ji sharaɗin dariya ya yi.

Sai aka kawo minista na takwas.

Wannan matashi ne in aka kwatanta da sauran, gajere, mai fara'a, mai saurin magana. Ba mugu ba ne irin wanda za ka gani ka gudu. Yana gaisuwa, yana tambayar iyali, Baba yake ce wa Baba Sannu. Shi ne ya kawo kyamarori ya kakkafa a kan tituna, shi ne kuma ya tsaya kai da fata aka yi sabuwar doka: duk direban da aka kama da laifi uku a cikin shekara guda, kotu za ta karɓe lasisinsa na shekara biyu. Ranar da ya yi jawabin, Baba Sannu na tsaye a bayan taro yana ta gyaɗa kai. Ya ja motar asibiti, ya san abin da gudu yake mayar da mutum. Da suka shiga mota har ya karya ƙa'idarsa ya ce, "Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe."

Sai dai Minista yana da wata 'yar cuta: yana son tuƙi. Duk Lahadi da yamma sai ya sallami 'yan rakiya, ya karɓi makullin baƙar motar ofis, ya fita shi kaɗai, wai yana shan iska. Ran Litinin da safe Baba Sannu zai tarar an jawo kujera gaba har gwiwarsa ba ta shiga, an karkatar da madubi, tayoyi kuma suna ƙaurin birki. Sai ya mayar da kujerar baya, ya daidaita madubi, ya shafa kan motar kamar mai ba ta haƙuri.

Takardar tara ta farko ta zo a wata na biyu. Sakataren Minista ne ya kira shi ofis, wani mutum mai yawan turare da yawan murmushi. Ya ajiye hoto a kan tebur. Baƙar motar ce, an ɗauke ta ta baya tana keta danja, lambarta tar, amma ba a ganin wanda ke ciki. A ƙasan takardar akwai fili inda mai mota zai rubuta sunan wanda ke tuƙi.

"Baba, ɗan abu ne," in ji Sakatare. "Ka san maigida shi ya kawo dokar nan. In 'yan jarida suka ji, sai su mayar da allura garma. Tarar kuwa, ofis ne zai biya. Kai dai sa hannu a nan."

Baba Sannu bai ko karanta ba. Bakinsa ya riga tunaninsa. "Laifina ne," ya ce, ya karɓi biro.

Ta biyu ta zo bayan wata uku. An ajiye motar a ƙofar gidan 'yan kwana-kwana, daidai inda motocinsu ke fita, aka bar ta awa biyu. Wannan karon ya ɗan riƙe biron kafin ya sa hannu. Da ya koma gida ya faɗa wa matarsa, abin da bai saba yi ba. Tana kan keken ɗinkinta, ta tsayar da ƙafa.

"Malam, biyu fa ke nan."

"Na sani."

"Kai da ko keken yara ba ka yarda a jingina a bakin hanya? To ta uku fa, wa zai ɗauka?"

"Ba za a yi ta uku ba. Zan yi masa magana."

"Ka yi shekara talatin ba ka yi wa kowa magana ba, yau za ka fara?"

Ya dai gwada. Washegari suna tsaye a danja, ya dubi madubi, ya gyara murya sau biyu.

"Ranka ya daɗe, takardun nan sun zama biyu."

Minista bai ɗago daga wayarsa ba. "Waɗanne takardu?"

"Na ranar Lahadi."

"Au! Wannan? Ka yi wa Sakatare magana." Sai ya ɗago ya yi masa murmushi ta madubi, murmushi mai kyau kuwa. "Baba, ni ba na manta alheri, kai ma ka sani."

Danja ta ba da hannu, suka wuce. Iyakar maganar ke nan, kuma Baba Sannu ya ji sanyi a ransa, don a tunaninsa mutum ya ji.

Ranar Lahadin da aka yi ta uku, Baba Sannu yana zaune a kan benci a barandar asibiti tun azahar, babbar 'yarsa tana naƙuda. Da la'asar sakaliya aka fito aka ce an samu mace. A daidai wannan lokacin kyamarar kan babbar gada ta ɗauki baƙar motar tana gudun ɗari da ashirin a inda doka ta ce sittin.

Wannan karon ba takardar tara ce ta zo ba, sammaci ne. Sakatare ya rufe ƙofar ofis, ya ba shi kujera, har shayi ya sa aka kawo masa.

"Baba, kada ka damu ko kaɗan. Ka je kotu ka amsa, minti biyar ne. Ko sun karɓi lasisin, maigida zai ɗaga waya, kafin sati biyu yana aljihunka. Wa ke da ma'aikatar? Mu ne fa muke buga lasisin nan."

"Ranar ina asibiti. Mutane sun gan ni."

"Wa zai tambaye su?" Murmushin ya ɗan rage. "Saura wata nawa ka yi ritaya, Baba? Kana so a rabu lafiya, ko ba haka ba?"

Shayin ya huce a gabansa bai taɓa ba.

Kotun ƙarama ce, a hawa na biyu, fanka ɗaya ke aiki. An cika benci da masu tasi da masu babur, ana kiran su ɗaya bayan ɗaya kamar layin allura. Mai shari'ar mace ce mai furfura, da tabarau a ƙarshen hanci, kuma da gani ta gaji. Da aka kira Baba Sannu ya miƙe cikin kakinsa da ya sha guga. Aka karanta laifi. Ya ce, "Laifina ne, ranki ya daɗe."

Da wata ce da an wuce wurin. Ita kuwa ta tsaya tana juya takardu. Ta duba gaba, ta koma baya, ta cire tabarau ta dube shi da kyau.

"Shekara talatin da huɗu babu ko gargaɗi," ta ce. "Sai kuma laifi uku a wata takwas, duka ranar Lahadi da yamma. Kana aiki ranar Lahadi?"

"Wani lokaci, ranki ya daɗe."

"Baba, ka saurare ni. Ban tambaye ka laifin wa ba ne. Tambayata ita ce, wa ke tuƙa motar nan a kan gada?"

Nan ne ƙasa ta zame masa. Duk rayuwarsa yana faɗin kalmomin nan biyu bai taɓa jin ya yi ƙarya ba, saboda ba a taɓa tambayarsa abin da ya faru ba, haƙuri kawai ake nema. Yau ga wata ta raba masa abu biyu da ya ɗauka ɗaya ne. Ya waiwaya. A benci na ƙarshe Sakatare yana zaune, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana duba agogo.

Mai shari'a ta sassauta murya. "In ba kai ba ne, faɗa mini. Babu mai taɓa ka a ɗakin nan."

A ɗakin nan. Baba Sannu ya yarda da ita, amma ya san ba a ɗakin nan zai kwana ba. Ya tuna sati biyun da aka yi masa alkawari. Ya tuna murmushin cikin madubi.

"Ni ne," ya ce. "Ni nake tuƙi."

Ta daɗe tana kallonsa, kallon da ya fi zagi ciwo, don tausayi ne a ciki. Sannan ta mayar da tabarau ta rubuta. Magatakarda ya miƙo hannu. Baba Sannu ya buɗe aljihu, ya buɗe jaka, ya zare ledar, ya miƙa wa magatakardan lasisin. Aka jefa lasisin a cikin kwali tare da na masu babur, aka kira na gaba.

Abin da Sakatare bai lissafa ba shi ne wani ɗan jarida da ke zaune a gefe yana hamma, wanda ya ji lambar motar ya farka. Kafin kwana biyu labari ya cika gari: motar ministan da ya kawo doka ta karya dokar sau uku.

Baba Sannu bai daina zuwa aiki ba. Tunda ba shi da ikon tuƙi, sai ya riƙa wanke motar, ya duba mai da ruwa, ya miƙa makulli ga wanda aka ba aikin na wucin gadi. A rana ta huɗu yana zaune a ɗakin direbobi, inda akwai talabijin a manne da bango da benci biyu da tulin tsofaffin tayoyi, sai ga Minista a allo, makirufo sun kai goma a gabansa. Fuskarsa a ɗaure, muryarsa cike da baƙin ciki, kuma wallahi in ba ka sani ba sai ka tausaya masa.

Ya ce abin ya yi masa zafi. Ya ce mutumin dattijo ne da ya ɗauka kamar uba, ya amince masa da makullin mota, ashe in an ba da baya sai ya ɗauke ta ya shiga gari. Ya ce an roƙe shi ya sa baki, ya ƙi. "Doka ba ta san na gida ba," in ji shi. "Direbana ne, amma na sallame shi daga yau. Rayukan jama'a sun fi mini kowa." Aka tafa. Sannan aka nuna hoton Baba Sannu, wanda ke jikin katinsa na aiki, ya cika allon.

Direbobi tara ne a ɗakin. Babu wanda bai san wa ke fita da motar ranar Lahadi ba, wasunsu ma su ne suke buɗe masa ƙofar gareji. Ɗaya ya tashi ya rage murya, wani ya shiga neman abu a aljihu, sauran suka zuba wa siminti ido. Su ma suna da lasisi, suna da 'ya'ya.

Baba Sannu ya hau sama neman Sakatare, aka ce yana taro. Ya jira har aka tashi aiki, aka ce ya fita ta ɗaya ƙofar. A bakin get mai gadi, wanda suka yi shekara ashirin suna cin abinci a kwano ɗaya, ya tare shi yana kallon gefe.

"Baba, ka yafe ni. An ce in karɓi katin."

Ya ciro ya ba shi, har ya ce masa sannu da aiki.

A gida ya tarar matarsa ta riga ta gani, maƙwabta ma sun gani. Ba ta yi kuka ba, masifa ta hana ta.

"Gobe da sassafe ka koma wurin matar nan ka faɗa mata gaskiya! Ni zan raka ka. Asibiti kaf sun gan ka, jaririyar ma shaida ce!"

Babbar 'yar tana zaune da jaririyar a cinya. Ita ce ta yi karatu a gidan, kuma ta riga ta kira wata lauya da suka yi makaranta tare. Ta yi magana a hankali, ba ta dubi mahaifinta ba.

"Mama, na tambaya. In ya koma ya ce ba shi ba ne, to ya yi wa kotu ƙarya ke nan, kuma ya sa hannu a takardun ƙarya har biyu. Wannan ya fi gudu a kan gada nauyi nesa ba kusa ba. Ɗauri ne. Shi kuma wancan zai ce bai san komai ba, babu hotonsa, babu sa hannunsa a ko'ina."

Baba Sannu ya zauna a bakin gado yana kallon hannayensa. Abin da ya fi ci masa rai ba korar ba ce, ba ma lasisin ba ne. A cikin duk abin da aka jibga masa, yanzu akwai guda ɗaya da yake nasa na gaske, wanda ba wanda ya aikata sai shi, da bakinsa, a gaban matar da ta miƙa masa hannu. Shi ne kuma ya kulle masa ƙofa.

Sati biyun suka wuce, wata biyu suka wuce, ba wanda ya ɗaga waya. Surukinsa ya cire birki na biyun ya sayar da ƙaramar motar ga wani mai kai burodi shaguna. Minista kuwa tauraronsa ya ƙara haske. Aka riƙa ba da misali da shi a rediyo, mutumin da bai bar ko na jikinsa ba. An ce har yanzu yana fita ranar Lahadi, kuma sabon direbansa yaro ne mai sabon aure.

Baba Sannu ya koma shiga bas kamar kowa. Bai iya zama fasinja ba. Ƙafarsa ta dama takan taka birkin da babu shi, idonsa yana kan madubin wani. Yakan zauna can baya ya runtse ido don kada ya gani.

Wata Talata da hantsi za shi asibiti karɓo wa matarsa magani, bai samu wuri a baya ba, sai kujerar da ke bayan direba. Direban matashi ne, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya riƙe da waya, yana ta zuba wuta a gangare. Baba Sannu ya san titin kamar tafin hannunsa. Ya san bayan kwanar nan akwai makarantar firamare, ya san kuma lokacin hutun tara ne, yara suna tsallakawa sayen abinci. Ya daure, ya daure, ya kasa. Ya taɓa kafaɗar direban.

"Ɗana, rage wuta. Akwai makaranta a gaba."

Direban ya harare shi ta madubi. Sai ya sake dubawa, ya sauke wayar daga kunne, bakinsa ya buɗe.

"Kai! Jama'a, ku ga wanda ke koya mini tuƙi! Ba kai ne na talabijin ba? Direban Minista?"

Kawuna suka juyo. Wata mata mai kwando a cinya ta leƙo ta tabbatar. "Shi ne wallahi. Ɗari da ashirin a kan gada! Tsoho da kai, ko kunya."

"Baba, mu ai koyo muke a wurinku," in ji direban. Motar ta kwashe da dariya, har da kwandasta yana buga ƙofa.

Baba Sannu bai ji dariyar sosai ba, idonsa yana kan titi. Suka sha kwanar ba a rage komai ba. Yara uku da suka sako ƙafa a kwalta suka ja da baya da gudu, ɗaya ta faɗi zaune, kwanonta ya gangara ƙarƙashin taya. Ba wanda ya lura a cikin motar, ana ta mayar da zance.

A tasha ta gaba ya ce akwai sauka. Saura tafiyar kusan awa ɗaya zuwa asibitin, rana kuma ta take. Ya bi gefen titi a ƙasa.